Daga Jeneba zuwa Birnin Ƙonni: haɗin gwiwar gwamnatoci da tarihin hana aikin tilas

Gabatarwa

Abin da ake kira haƙƙoƙin zaman al'umma (droits sociaux) ya haɗa da ƙayyade awoyin aiki, da albashin da zai riƙe iyali, da ƴancin kafa sandika, da kula da wanda ya yi rashin lafiya ko ya tsufa. A cikin wannan takarda za mu bi diddigin ɗaya daga cikinsu, wanda sauran suka dogara a kansa, watau kada a sa mutum aiki bisa tilas. Za mu duba yadda gwamnatoci suka haɗa kai domin tsare wannan haƙƙi, da yadda abin da aka rattaba wa hannu a Jeneba ya iso Afirka ta Yamma da ƙasar Nijar.

Ra'ayin da za mu kare yana da fuska biyu. Ta farko, mafi yawan gardamar an yi ta ne bisa ma'anar kalmomi: wane aiki ne za a kira na tilas, wane ne kuma za a kira ma'aikaci. Ta biyu, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta taɓa sauya rayuwar talaka ba sai lokacin da aka samu wasu cikin gida, depite ko sandika ko mai ƙara a kotu, da suka ɗauke ta suka yi aiki da ita.

1. Mafarin haɗin gwiwa

Tsoron gasa ne ya fara tara gwamnatocin Turai bisa wannan magana. Ƙasar da ta rage awoyin aiki ko ta hana sa yara cikin masana'antu, kayanta za su fi na maƙwabciyarta tsada. Saboda haka kowace ke jiran ƴar'uwarta ta fara. Mafita ita ce a ɗauki doka guda a lokaci guda. An yi taron farko a Balin a 1890, amma shawarwari kawai ya fitar. A 1906, a birnin Bern, aka sa hannu bisa yarjejeniyoyi biyu: ta hana mata aikin dare cikin masana'antu, da ta hana amfani da farar fosfor wajen yin ashana, domin tana ruɓar da muƙamuƙin ma'aikata.

Bayan yaƙin duniya na farko, kashi na 13 na yarjejeniyar Versailles ta 1919 ya kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda muka fi sani da OIT. Juyin juya halin Rasha na 1917 bai daɗe da aukuwa ba, kuma masu mulki sun gane cewa in ba a ba ma'aikata wani abu ba, za su nemi duka. Tsarin ƙungiyar sabo ne: kowace ƙasa tana aika wakilai huɗu, biyu na gwamnati, ɗaya na masu ba da aiki, ɗaya na ma'aikata, kuma kowanne yana jefa ƙuri'arsa yadda ya ga dama. Taron farko, a Washinton cikin 1919, ya tsayar da awa 8 a yini da awa 48 a mako cikin masana'antu. Albert Thomas, ɗan gurguzun Faransa, shi ne daraktan farko.

To amma tun daga farko an bar ƙofa a buɗe. Aya ta 421 ta yarjejeniyar ta ce ƙasashe za su zartar da dokokin cikin yankunan da suke mallaka, sai fa inda yanayin wurin ya hana, ko kuma bayan gyaran da ya dace da wurin. Mai mulkin mallaka shi ke faɗin abin da yanayin wurin ya hana. Ke nan awa 8 ta tsaya a Turai.

2. Jeneba 1930: gardama bisa ma'anar kalma

Faransa ta haramta bauta da cinikin bayi a Afirka ta Yamma da dokar 12 ga Disamba 1905. Sai dai buƙatar hannuwan da za su yi hanyoyi, su ɗauki kaya, su gina bariki, ba ta gushe ba. An biya wannan buƙata ta hanyoyi da dama, kowace da sunanta. Akwai prestation, wadda aka tsara a 1912: kwanaki ƙididdigaggu a shekara da kowane baligi zai yi aiki ba biya, ana lissafa su a matsayin wani nau'in lampo. Akwai réquisition, watau ɗibar mutane domin dako ko wani aikin gaggawa. Akwai deuxième portion du contingent, da dokar 1926 ta tsara: samarin da aka tantance domin soja ba a ɗauke su ba, sai a tura su aikin gini ƙarƙashin horon soja. Da irinsu aka gina madatsar ruwa ta Markala cikin Sudan ta Faransa, Mali ta yau. A bayan duka akwai indigénat, da ke ba kwamanda ikon ɗaure mutum ko cin tararsa ba tare da shari'a ba.

Abin da ya jawo hankalin Turai shi ne hanyar jirgin ƙasa ta Congo-Océan, da aka gina daga 1921 zuwa 1934. Ƙiyasin da aka fi ambato ya ce mamatan sun haura 15,000, da yawansu Sara ne da aka ɗebo daga kudancin Cadi. Littafin André Gide na 1927 da na Albert Londres na 1929 sun tona abin da ake yi. Yarjejeniyar hana bauta ta 1926 ta riga ta yi kashedi kada aikin tilas ya rikiɗe ya zama bauta, aka kuma miƙa wa OIT binciken batun.

Ranar 28 ga Yuni 1930 aka amince da yarjejeniya mai lamba 29. Ta bayyana aikin tilas da cewa duk wani aiki ne da aka karɓa daga mutum bisa barazanar horo, wanda kuma bai ba da kansa gare shi da son rai ba. Ma'anar tana da faɗi, amma aya ta biyu ta cire abubuwa biyar daga cikinta: aikin soja tsantsa, da wajibai na yau da kullum da ke kan ɗan ƙasa, da aikin fursuna bayan hukuncin kotu, da aikin lokacin bala'i ko yaƙi, da ƙananan ayyukan gari. An kuma ba da lokacin riƙon ƙwarya, inda aka yarda a ci gaba da ɗibar maza masu shekara 18 zuwa 45, muddin ba a wuce kwana 60 a shekara ba.

Duk da wannan sassauci, wakilan gwamnatocin Faransa da Beljiyam da Fotugal sun ƙi jefa ƙuri'a. Blaise Diagne, depiten Senegal, yana cikin waɗanda suka kare matsayin Faransa a Jeneba. Hujjar ita ce prestation haraji ce, deuxième portion kuwa aikin soja ne, don haka babu ruwan OIT da su. Wata biyu bayan taron, dokar 21 ga Agusta 1930 ta fito da wani suna, travail public obligatoire. Mai nazarin harshe zai lura da abin da aka yi: an ajiye kalmar forcé, mai nuna ƙarfin da wani ya sa a kan wani, aka ɗauko obligatoire, wadda ake faɗa game da lakwal da rigakafi, mai nuna nauyin da ya hau kan kowa domin amfanin kowa. Aikin bai sauya ba. Hausa kuwa ba ta da wannan rata: talaka ya ce aikin dole ko aikin tilas, kuma ya san bambancinsa da gayya, inda ake gayyatar mutum, a ci a sha, gobe a je gonarsa. Ingila ta tabbatar da yarjejeniyar a 1931, Faransa sai 1937 lokacin gwamnatin Front populaire, kuma da sharuɗɗa, Beljiyam a 1944, Fotugal a 1956.

3. Abin da aka gani a Nijar

Nijar ta zama koloni a 1922, aka mai da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Ƙasa ce mai faɗi, ba jirgin ƙasa, kuɗin shiga kaɗan ne. Gina sabon birni da share hanyar da ta haɗa Yamai da Dosso da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram ya dogara ne bisa mutanen da sarakunan kanto da masu gari ke tarawa, gardi na binsu. Wanda ke da hali ko dangantaka da fada yakan tsira, nauyin sai ya faɗa kan talaka da ƴaƴan bayi. Yunwar 1931 a yammacin ƙasar, bayan ɓarnar fara, ta samu rumbuna ba kome, alhali ana ci gaba da karɓar lampo da ɗibar mutane. Masu tarihi irin su André Salifou da Finn Fuglestad sun nuna hannun hukumar mallaka cikin tsananin wannan yunwa.

Makamin da ya rage wa mutanen kudu shi ne ƙafa. Iyaka na kusa, harshe ɗaya ne, dangi na can, sai a ƙetare zuwa Katsina ko Daura ko Sakkwato. Sai dai can ma ayar bala'i da yaƙi ta yi aikinta: daga 1942 zuwa 1944 Ingila, wadda ta tabbatar da yarjejeniyar tun 1931, ta ɗebi dubban manoman arewacin Nijeriya zuwa haƙar kuza a Jos. A ɓangaren Faransa kuma zamanin Vichy ya ƙara tsananta ɗibar mutane da karɓar amfanin gona. Shekara goma sha biyar bayan taron Jeneba, aikin tilas na nan daram a ɓangarorin iyakar biyu.

4. Daga 1944 zuwa 1952: lokacin da takarda ta samu masu ɗaukarta

Taron Brazzaville na farkon 1944 ya ba da shawarar a kawar da aikin tilas cikin shekara biyar. A watan Mayu na wannan shekara OIT ta fitar da sanarwar Filadelfiya, wadda ta ce aikin ɗan Adam ba haja ba ne, kuma haƙƙin neman jin daɗi na kowa ne ba tare da duban launi ko addini ko jinsi ba. Da wuya a daidaita wannan magana da ayar yanayin wuri.

Abin da ya yanke wa'adin shekara biyar ɗin shi ne shigar depitocin Afirka majalisar tsara kundin mulki a Pari a ƙarshen 1945. An soke indigénat da dokokin Disamba 1945 da Fabrairu 1946. Ranar 11 ga Afrilu 1946 aka fitar da dokar da ke ɗauke da sunan Félix Houphouët-Boigny, gajeriyar doka mai aya uku, wadda ta haramta aikin tilas ɗungurungum cikin yankunan ƙetare. Dokar Lamine Guèye ta 7 ga Mayu ta ba mazauna waɗannan yankuna matsayin ƴan ƙasa. A Nijar, cikin wannan wata ne aka kafa jam'iyyar PPN, kuma ƙorafin aikin dole na cikin abin da ya tara mata jama'a.

Da aka hana tilas, sai tambaya ta koma kan sharuɗɗan aikin albashi. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma sun yi yajin aiki daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948, suna neman tsari guda tsakaninsu da Turawa. Daftarin dokar aiki ya yi shekaru yana kai da kawowa a majalisar Faransa, har sai da sandikoki suka tsayar da aiki a faɗin yankin ranar 3 ga Nuwamba 1952. Ranar 15 ga Disamba 1952 aka fitar da dokar aiki ta yankunan ƙetare: awa 40 a mako, hutu mai biya, ƴancin sandika, albashi ɗaya ga aiki ɗaya, da masu binciken wuraren aiki. Kuɗin iyali ya biyo baya a 1956. A Nijar, Djibo Bakary ya yi jagorancin sandika cikin waɗannan shekaru kafin ya jagoranci Sawaba. Frederick Cooper, cikin littafinsa na 1996, ya nuna cewa shugabannin ƙwadago sun karɓi kalmar daidaito daga bakin Faransa suka nemi a biya farashinta, kuma tsadar wannan farashi na cikin abin da ya sa Pari ta fara tunanin sakin mulki.

Nan ma akwai wata ma'ana da ta yi tasiri. Dokar 1952 ta ce travailleur shi ne wanda ya sa ƙwarewarsa ƙarƙashin umarnin wani domin a biya shi lada. Wannan ma'ana ta kare ma'aikacin kamfani da direba da lebura mai albashi. Ta bar manomi da makiyayi da mai talla da ɗan koyon sana'a a waje. Dokokin aiki na ƙasashenmu bayan ƴancin kai sun gaji wannan ma'ana kusan kalma da kalma.

5. Bayan ƴancin kai

Nijar ta shiga OIT a 1961, ta karɓi yarjejeniya ta 29 a wannan shekara, da ta 105 a 1962. Wannan ta biyu, ta 1957, ta hana amfani da aikin tilas domin horon siyasa, ko karya yajin aiki, ko da sunan raya ƙasa. Sababbin ƙasashen Afirka sun yi amfani da dandalin nan da nan. A 1961 Gana ta kai ƙarar Fotugal bisa aikin tilas a Angola da Mozambik da Gine, abin da ya sa aka kafa kwamitin bincike na farko a tarihin ƙungiyar. A taron 1963 wakilan Afirka sun fice daga zauren saboda wakilan mulkin wariyar launin fata, Afirka ta Kudu kuma ta ba da sanarwar ficewa a 1964.

Ya kamata a san iyakar ikon ƙungiyar. Ba ta da ƴan sanda, ba ta da kurkuku. Ƙasar da ta tabbatar da yarjejeniya tana aika rahoto, kwamitin ƙwararru da aka kafa a 1926 ya duba shi, ya rubuta abin da ya lura, a tattauna a taron shekara gaban wakilan ma'aikata. Ƙarfinta yana cikin kunya da naci. Mataki mafi tsanani, na aya ta 33, a 2000 aka fara ɗaukarsa, a kan Myanmar, kuma saboda aikin tilas ne.

Wasu matakan sun ƙaru: yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 bisa haƙƙoƙin tattalin arziki da zaman al'umma da al'adu, wadda Nijar ta shiga a 1986; da kundin Afirka na haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi na 1981; da CIPRES, da ƙasashen yankin sefa suka kafa a Abijan a 1993 domin sa ido bisa asusunan jin daɗin ma'aikata irin su CNSS, wadda aka kafa a Nijar a 1965. Amma cikin shekarun 1980 da 1990 wani haɗin gwiwar ya fi wannan ƙarfi, watau shirin gyaran tattalin arziki na FMI da Bankin Duniya, domin shi yana riƙe da kuɗi. An tsayar da ɗaukar ma'aikata, albashi ya yi ta maƙalewa, aka rage darajar sefa da rabi a Janairu 1994. USTN da ɗalibai, waɗanda aka kashe uku daga cikinsu a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, suna cikin waɗanda suka tilasta Taron Ƙasa na 1991. Ko a lokacin, masu albashi ƴan ƙalilan ne cikin al'umma. Sai a 2012 da 2015 OIT ta fitar da shawarwari masu lamba 202 da 204, bisa kariya ta tushe ga kowa da kuma masu sana'ar da ba ta cikin rajista. Shawarwari ne, ba sa ɗaure gwamnati.

6. Shari'ar Hadijatu Mani

An haramta tilas na gwamnati a 1946, amma na cikin gida ya saura. Ƙungiyar Timidria, da aka kafa a 1991, ita ta dage har aka shigar da laifin bauta cikin dokar hukunta laifuka a 2003, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30.

An sayar da Hadijatu Mani a 1996, tana da shekara 12, bisa sefa 216,000, ta zama wahaya a yankin Ƙonni. A 2005 aka ba ta takardar ƴantawa, amma wanda ya saye ta ya ce matarsa ce. Da ta auri wanda take so, kotu ta yanke mata wata shida bisa laifin aure kan aure. Gardamar kalma ta sake dawowa: in an kira ta mata, al'ada ce ke hukunci, in an kira ta baiwa, dokar ƙasa da ta duniya ce. Wata ƙa'idar CEDEAO ta 2005 ta ba mutum ɗaya ikon kai ƙarar gwamnati gaban kotun ƙungiyar, ba sai ya ƙare da kotunan gida ba. Kotun ta zauna a Yamai a watan Afrilu 2008, ranar 27 ga Oktoba kuma ta yanke cewa bauta ce, Nijar ta kasa kare ƴar ƙasarta, ta biya diyyar sefa miliyan 10. Gwamnati ta amince da hukuncin. A watan Mayu 2015 Nijar ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta tabbatar da ƙarin yarjejeniyar 2014, wanda ya share ayoyin riƙon ƙwarya na 1930, ya kuma wajabta kare waɗanda aka zalunta da biyansu diyya.

Kammalawa

Daga 1930 zuwa 1946 shekara 16 ne, daga dokar 1905 zuwa hukuncin 2008 shekara 103. A kowane mataki mun ga abu biyu sun haɗu kafin a samu sauyi: rubutacciyar ƙa'ida da gwamnatoci suka ɗaure kansu da ita, da mutanen da suka iya kai ta gaban majalisa ko kotu. Ƙiyasin OIT na 2021 ya ce mutum miliyan 27.6 ke cikin aikin tilas a duniya, don haka maganar ba ta ƙare ba.

Ficewar Nijar daga CEDEAO, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, ta rufe ƙofar da Hadijatu Mani ta bi ga masu sabuwar ƙara. Alkawuran OIT suna nan, amma tsarinta ba ya karɓar ƙarar mutum ɗaya, sai ta bakin sandika ko ƙungiyar masu ba da aiki ko wata gwamnati. Duk wani sabon tsarin haɗin gwiwa a yankinmu, abin da za a auna shi da shi ke nan: ko talaka zai iya kai ƙarar hukuma a cikinsa.

Mu masu nazarin harshe muna da namu rabon aiki. Waɗannan yarjejeniyoyi da faransanci da ingilishi ake rubuta su, waɗanda aka yi dominsu kuwa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci suke rayuwa. Kafin a fassara travailleur sai an yanke ko ma'aikaci za a ce, kalmar da kunnen Bahaushe ke kaiwa ga mai albashin gwamnati, ko mai aiki, wadda ta haɗa da manomi da ƴar aikin gida. Muna ba ɗalibanmu shawarar su tattara kalmomin da tsofaffi ke amfani da su game da aikin dole da bauta da barance da ƙwadago, gari da gari, su gwada su da ma'anonin da ke cikin dokar aiki ta Nijar.